WASIƘAR AKAWU: Lardin Lankasha da Garuruwan Auduga

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni. A wannan mako ina so in kai jama'a Ingila, mu zaga wani lardi da ke arewa maso yammacin ƙasar, wanda ake kira Lankasha. Abin da ya sa na zaɓe shi kuwa shi ne, yau ba yaron da za ka tare a Kano ko Zariya ko Gusau ka ambata masa Mancesta da Libaful ya ce bai san su ba. Zai lissafa maka 'yan ƙwallonsu ɗaya ɗaya, har ya yi musu da kai. Amma tambaye shi abin da ya tara mutane a garuruwan nan tun farko, sai ka ga ya yi tsit. Alhali kuwa kakanninsa sun ɗaura zanen Mancesta, sun noma auduga dominta, jirgin ƙasan da ya ratsa garinsu ma da hannun attajiranta a cikin shimfiɗa hanyarsa.

Mu fara da shimfiɗar ƙasar, don ita ce tushen labarin. Daga yamma teku ce, wadda ke tsakanin Ingila da Ailan. Daga gabas akwai jerin tuddai da ake kira Pennines, waɗanda suka raba Lankasha da maƙwabcinta Yoksha, kamar dai ƙashin baya a jikin ƙasar. Tsakanin teku da tuddan nan fili ne shimfiɗaɗɗe, dā fadama ce da ciyayi, sai daga baya aka janye ruwan aka mai da ita gonaki. Koguna suna gangarowa daga tuddan su nufi yamma: Lune a arewa, Ribble a tsakiya, Mersey a kudu. Iskar da ke tasowa daga teku tana ɗauke da laima, in ta bugi tuddan sai ta zubar da ruwa. Mutanen Ingila suna yi wa Mancesta ba'a, wai ba a rabuwa da ruwan sama a can. Amma wani abin mamaki, ruwan da ke sauka a birnin a shekara bai kai wanda ke sauka a Zariya ba. Bambancin shi ne namu yana zubowa da ƙarfi cikin 'yan watanni ya wuce, nasu kuwa yayyafi ne da hazo, rani da damina ba hutu. Wannan laima da ke sa mutum tari ita ce ta zama arzikinsu, gama zaren auduga ba ya saurin tsinkewa inda iska ke da danshi. Duk matar da ta taɓa kaɗi da hunturu ta san abin da nake nufi. Ƙarƙashin ƙasar kuma, wajen Wigan da St Helens, akwai kwal mai yawa.

Kafin in wuce sai in warware wani ƙulli, kada wani malami ya rubuto ya ce na yi kure. Lardin ya samu tun wajen shekarar 1182, kuma ƙarnuka da yawa Mancesta da Libaful suna cikinsa. A 1974 gwamnatin Ingila ta sake yanka iyakokin larduna, ta cire biranen nan biyu, kowanne aka yi masa nasa yanki da garuruwan da ke kewaye da shi, aka kuma yanke wani sashe na arewa aka haɗa shi da Cumbria. Saboda haka Lankasha ta takarda yau ta ragu ƙwarai, hedkwatarta tana Preston. Ni dai a wasiƙar nan tsohon lardin nake nufi, don ba yadda za a ba da labarin Blackburn ko Burnley a bar Mancesta da ke saye da sayar musu, ko Libaful da ke kawo musu auduga.

Garin da ya ba lardin suna shi ne Lankasta, a bakin kogin Lune. Asalinsa sansanin Rumawa ne, haka ma Mancesta, inda suka kafa nasu sansanin wajen shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa. Ƙarshen sunayen garuruwan nan biyu ma daga kalmar Rumawa ta sansanin yaƙi ya fito. A Lankasta akwai wata tsohuwar ganuwa ta dutse a kan tudu, wadda ta zama kotu da kurkuku, ba a daina tsare fursuna a cikinta ba sai a 2011. Gidan sarautar Lankasta shi ne ya yi ta gwabzawa da gidan Yok a kan gadon Ingila daga 1455 har 1485, yaƙin da daga baya aka laƙaba wa sunan furanni, ja na Lankasta, fari na Yok. Har yanzu jan fure ne tambarin lardin, kuma Sarkin Ingila da kansa shi ke riƙe da sarautar Lankasta, yana cin kuɗin filayenta.

A kotun nan ce aka yi wata shari'a a 1612 wadda ba a manta da ita ba. An kama waɗansu talakawa daga gindin dutsen Pendle, galibinsu mata, aka ce mayu ne. Babbar mai shaida yarinya ce 'yar shekara 9, aka ɗora ta a gaban alƙali ta ba da shaida a kan uwarta da yayyenta. Mutum 10 aka rataye. Na kawo wannan ne don masu tsammanin wai Turawa ba su taɓa sanin camfi ba. Sun sani sarai, har sun kashe mutane a kansa da hannun hukuma.

A zamanin nan duka Lankasha lardi ne na baya, matalauci, ba wanda ke ƙirga shi cikin manya. Libaful, ko da ya ke Sarki John ya ba ta takardar zama gari tun 1207, ƙauyen masunta ce mai 'yan tituna kaɗan. Abin da ya ɗaga ta shi ne cinikin ƙetaren teku da Amurka. A 1715 mutanenta suka gina wani mashigin jirage mai ƙofa, wanda ke riƙe ruwa ko da teku ta janye, don jirgi ya yi lodi ba tare da ya zauna cikin laka ba. Sai dai fa ba a faɗin arzikin Libaful a ɓoye tushensa. Daga 1699 jiragenta suka shiga fataucin bayi, kafin ƙarshen ƙarnin da ya biyo ta shige gaban Landan da Bristol a wannan mugun ciniki. Jirgi ya tashi da tufafi da bindigogi da barasa, ya sauka a gaɓar Afirka, sau da yawa a Boni ko Kalaba, ya ɗebi mutane ya haye da su Amurka, ya komo gida da sukari da taba da auduga. Masu bincike sun ƙiyasta jiragen Libaful sun kwashi mutum wajen 1,500,000 kafin a hana cinikin a 1807. Lankasta ma ta taɓa, ita ce ta huɗu a Ingila, sai kogin ya cika da yashi manyan jirage suka kasa shiga, garin ya koma ƙarami kamar yadda ya ke dā. Da aka hana bayi, attajiran Libaful ba su saki gaɓar Afirka ba, sai suka juya ga manja. A 2007 an buɗe gidan tarihin bauta a bakin tashar, don kada 'ya'yansu su ce ba a gaya musu ba.

To, yanzu mu zo ga auduga, wadda ko ƙwaya ɗaya ba ta tsira a Ingila. Dā can mutanen tuddan nan, da ya ke gonakinsu ba su ciyar da su, sai suka riƙa haɗawa da kaɗi da saƙa a gida, mata na kaɗi, maza na saƙa, kamar yadda aka saba a ƙasarmu. A 1733 wani mutumin Bury, John Kay, ya ƙago ƙoshiya mai gudu da kanta in an fizgi igiya, masaƙi ɗaya ya riƙa yin aikin biyu. Nan da nan zare ya yi ƙaranci, mata suka kasa ƙosar da masaƙa. Wajen 1764 wani masaƙi na kusa da Blackburn, James Hargreaves, ya haɗa wani keke mai juya mazari 8 gaba ɗaya. Maƙwabtansa suka fasa gidansa suka farfasa keken, don tsoron zai kashe musu sana'a, ya gudu Nottingham. A 1769 Richard Arkwright na Preston, wanda asalinsa wanzami ne, ya yi rajistar injin kaɗi da ruwa ke juyawa. A 1779 Samuel Crompton na Bolton ya haɗa dabarun nan biyu ya fitar da injin da ke kaɗa zare siriri mai ƙarfi, wanda ya kai na Indiya kyau. Arkwright ya mutu hamshaƙin attajiri. Crompton, da ba shi da kuɗin rajista, ya mutu ba shi da komai, alhali injinsa ne ya cika lardin. Ku lura, ba ɗaya daga cikin mutanen nan da ya fito daga babbar makaranta. Masu sana'a ne da suka san inda aikin ke ciwo.

Da farko a bakin rafuka aka gina ma'aikatun, don ruwa ya juya musu inji. Da injin tururi ya zo, sai suka sauko inda kwal ke da araha, garuruwa suka kumbura kamar an hura su. A 1761 aka haƙa wani kogin hannu daga ramukan kwal na Worsley zuwa Mancesta, kuɗin kwal ya faɗi kusan rabi. Mancesta tana da mutum wajen 75,000 a 1801, kafin 1851 ta haura 300,000. Sa'an nan garuruwan suka raba aiki a tsakaninsu. Na kudu, watau Oldham da Bolton da Rochdale, suka riƙe kaɗi. Na arewa, Blackburn da Burnley da Nelson da Preston, suka riƙe saƙa. Mancesta ta zama kasuwa da rumbu da gidan kuɗi, Libaful ta zama ƙofa. Oldham kaɗai, gab da yaƙin 1914, tana da mazari fiye da miliyan 16, Burnley kuwa injunan saƙarta sun kusa 100,000. Blackburn ta dogara ga Indiya, tana saƙa fararen zannuwan da mazan can ke ɗaurawa. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Hanyar jirgin ƙasa ta farko a duniya da ta haɗa manyan birane biyu, tana ɗaukar mutane da kaya bisa ƙayyadadden lokaci da ƙarfin tururi kaɗai, ita ce ta Libaful zuwa Mancesta, mil 31, an buɗe ta ran 15 ga Satumba 1830. Ranar buki ce, amma ta ƙare da makoki. Wakilin Libaful a Majalisa, William Huskisson, ya sauko a wata tasha don ya gai da Firayim Minista, Wellington, sai wani inji mai suna Rocket ya taho ta ɗayan layin ya take masa ƙafa, ya mutu a daren. Biranen nan biyu kuwa, duk da kusancinsu, ba sa ga maciji. Mutanen Mancesta suka ga kuɗin da Libaful ke karɓa a kan kowace dilar auduga ya yi yawa, sai suka tara kuɗi suka haƙa kogi mai tsawon mil 36 wanda jirgin teku zai bi har cikin garinsu. An buɗe shi a 1894. Gari mai nisa da teku ya wayi gari yana da tashar jiragen ruwa. Masu cewa gabar Mancesta da Libaful a filin ƙwallo ta fara, to, ta girmi ƙwallon.

Kada mai karatu ya zaci wannan arziki ya sauka a kan kowa. Masaƙan hannu, waɗanda dā su ne masu kuɗin ƙauye, da injin saƙa ya bazu sai ladansu ya zube har suka kasa ciyar da iyali. A 1826 suka tashi a gabashin lardin suka farfasa injuna fiye da 1,000, soja suka harbe waɗansu. Yara ƙanana suna shiga ƙarƙashin inji yana gudu suna tsince auduga, tun asuba har dare, sai a 1833 doka ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 9 ba. Wani bincike da Edwin Chadwick ya fitar a 1842 ya nuna in aka haɗa shekarun mamatan gidajen lebura aka raba, a Mancesta 17 ne, a Libaful 15, alhali a lardin Rutland na manoma 38 ne. Yawan mutuwar jarirai ne ya ja lissafin ƙasa haka. Ga shi kuma duk girman Mancesta ba ta da wakili ko ɗaya a Majalisa sai a 1832. Ran 16 ga Agusta 1819 mutum wajen 60,000 suka taru a wani fili cikin garin suna neman a ba su murya, mahukunta suka sakar musu barade da takuba, aka kashe aƙalla 15, ɗaruruwa suka ji rauni. Shekara 2 bayan haka aka kafa jaridar Manchester Guardian, wadda yau ake kira Guardian kawai.

Wani abin da ya fi burge ni a labarin lardin duka ƙarami ne a ido. A 1844 mutum 28 a Rochdale, da yawansu masaƙa, suka gaji da 'yan kantin da ke gauraya musu gari da alli suna tauye mudu. Kowa ya tara fam 1 da kyar, suka buɗe ɗan kanti nasu na kansu, suna sayar da gari da man shanu da sukari da kyandir. Dokarsu ita ce kowane ɗan ƙungiya ƙuri'a ɗaya gare shi, ciniki hannu da hannu ba bashi, riba kuma a raba wa kowa gwargwadon sayayyarsa. Ƙungiyoyin gama kai da ke ko'ina a duniya yau, har da na manomanmu da ma'aikatanmu, daga dokokin ɗan kantin nan suka koyi tsari.

Audugar da ke ciyar da injunan nan, mafi yawanta daga kudancin Amurka ta ke zuwa, bayi ne ke nomanta. Da yaƙin basasa ya tashi a can a 1861, jiragen Arewa suka toshe tashoshin Kudu, auduga ta yanke. Ma'aikatu suka tsaya, dubban ɗaruruwan mutane suka koma cin sadaka, har ana kiran shekarun nan yunwar auduga. Attajiran Libaful da yawa suka goyi bayan masu bayi. Amma a daren ƙarshe na 1862 ma'aikatan Mancesta suka yi taro suka aika wa Shugaba Lincoln takarda cewa ya ci gaba har ya 'yanta bayi, ko da su za su kwana da yunwa. Ya amsa musu a Janairu 1863, kuma gunkinsa yana tsaye a Mancesta har yau. Ban ce duk masaƙan lardin ra'ayinsu ɗaya ba, akwai garuruwan da aka yi taron goyon Kudu. Amma mai yunwa da ya zaɓi 'yancin wanda bai taɓa gani ba ya cancanci a ambace shi.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Tun 1851, sa'ad da Barth ya shiga Kano, ya tarar da yadin Mancesta a kasuwa, an ɗauko shi a raƙumi ta hamada. Amma ya tarar kuma tufafin Kano, saƙar gida da rinin gida, suna tafiya har Tambutu da Gat da Tarabulus. Yunwar auduga ta koya wa masu ma'aikatun Lankasha tsoron dogara ga Amurka kaɗai, saboda haka a 1902 suka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a Mancesta, shugabanta Sir Alfred Jones, mai jiragen Elder Dempster na Libaful, wanda kuma shi ne ya assasa makarantar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi a can a 1898. Idonsu ya faɗa kan ƙasar Hausa. Suka matsa wa gwamnatinsu a shimfiɗa reluwe daga Baro zuwa Kano, ya iso a 1911. Suka kafa injin gurza a Zariya, daga baya a Funtuwa da Gusau da waɗansu wurare, aka kawo irin audugar Amurka aka raba wa manoma. Lissafinsu shi ne auduga ta tafi ɗanya, ta komo akoko da alawayyo da atamfa, masaƙan Kano su ajiye ƙoshiya.

Manomin Kano kuwa ya yi nasa lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da yadda Bature ke saye, don me zai kai wa Bature? Gyaɗa kuma ta fi sauƙin aiki, tana gyara ƙasa, in kasuwa ta faɗi a ci ta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Daga 1912 fataken Kano suka shiga ƙauyuka suna ba da kuɗi da gishiri da tufafi a kan gyaɗa, jirgin da aka kawo don auduga ya koma jan gyaɗa. Auduga ta kama sosai a kudancin Katsina da Zariya da wajen Gusau, amma mafarkin mai da Arewa gonar Lankasha bai tabbata yadda suka so ba. In an ce manominmu bai san tattalin arziki ba, a tuna da wannan.

Akwai wata 'yar dangantaka kuma da ba kowa ya sani ba. Wani lauya ɗan Libaful, William Quilliam, ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullahi, ya buɗe masallaci a garin a 1889, yana cikin na farko a Ingila. A 1894 ya zo Ikko wajen buɗe masallacin Shitta-Bey, a madadin Sarkin Musulmi na Istanbul.

Ƙolin cinikin Lankasha shi ne 1913, shekarar da Ingila ta fitar da yadi wajen miliyan 7,000 na auduga zuwa ƙasashen waje. Daga nan sai gangara. Yaƙin 1914 ya tsare jirage, Indiya da Japan suka faɗaɗa nasu ma'aikatu, da injunan da aka saya daga Oldham da Bolton ɗin nan. Sa'an nan Gandhi ya kira mutanen Indiya su ƙaurace wa yadin Ingila su koma kaɗi da hannu. Blackburn da Darwen, da suka zuba ƙwansu duka a kasuwa ɗaya, suka durƙushe. A Satumba 1931 Gandhi ya je Darwen da kansa don ya ga halin da masaƙa ke ciki. Ana tsoron za a jefe shi, sai ga matan ma'aikata sun kewaye shi suna yi masa tafi, ko da ya ke bai janye ƙauracewar ba, don a ganinsa talaucin Indiya ya fi nasu tsanani. A 1933 Japan ta shige gaban Ingila wajen fitar da yadi. A 1959 gwamnati ta yi doka tana biyan masu ma'aikatu kuɗi su farfasa tsofaffin injuna. A shekarun nan ne aka ɗebo ma'aikata daga Pakistan da Indiya su riƙe aikin dare, suka iso sana'ar tana gargara. Jikokinsu suna nan, yau wajen sulusin mutanen Blackburn da Darwen Musulmi ne.

Garuruwan ba su sha wahalar daidai ba, kuma a ganina nan ne abin dubawa. Mancesta, da ya ke tana da bankuna da jami'a da sana'o'i iri iri, ta jigata amma ta miƙe. A jami'arta aka gwada kwamfuta ta farko mai ajiye umarni a cikinta a 1948, tsohuwar tashar jiragenta kuma, da aka rufe a 1982, yau gidajen rediyo da talabijin ne a wurin, har da BBC. Libaful ta faɗo daga mutum fiye da 850,000 a 1931 zuwa wajen 440,000 a 2001, kafin ta fara farfaɗowa. Amma Burnley da Nelson da Oldham, waɗanda ba su san komai ba sai zare, har yanzu ana lissafa unguwanninsu cikin mafi talauci a Ingila. Ramin kwal mai zurfi na ƙarshe a tsohon lardin an rufe shi a 1993. Blackpool ma, garin shan iska na bakin teku, wanda dā kowane garin auduga ke rufe ma'aikatunsa mako guda a shekara mutanensa su cika jirgin ƙasa su tafi can, da hasumiyarta mai ƙafa 518 da aka gama a 1894, da masaƙa suka ƙare sai ta rasa waɗannan baƙin nata.

Ƙwallon da yaranmu ke hauka a kansa ma ɗan wannan zamani ne. Da aka ba ma'aikata hutun yammacin Asabar suka sami lokacin kallo. Sa'ad da aka kafa gasar ƙungiyoyi ta farko a 1888, cikin 12 ɗin da suka fara 6 na Lankasha ne: Preston, Blackburn, Burnley, Bolton, Accrington da Everton. Preston ta ci ta farko ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Manchester United ma'aikatan gyaran taragon jirgin ƙasa ne suka kafa ta a 1878 da sunan Newton Heath. Ƙungiyar Libaful kuwa rigimar kuɗin hayar fili ce ta haife ta a 1892, da Everton ta yi fushi ta bar Anfield, mai filin ya kafa tasa.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi ci mini rai. A 1957, daidai lokacin da masaƙun Lankasha ke rufewa, gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na garin Rawtenstall, a kwarin Rossendale cikin lardin nan, aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri, tana saƙa akoko da audugarmu. Watau abin da Indiya da Japan suka yi wa Lankasha mu ma mun fara yi, har da taimakon mutanenta. Waɗansu masaƙu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa, dubban magidanta suka ci abinci a ciki. Ba a cika shekara 50 ba yadi mai araha daga Asiya, da fasa ƙwauri, da rashin wutar lantarki, da tsofaffin injuna suka yi mana abin da aka yi wa Blackburn. Masaƙar farko ta tsaya a 2002, sauran na Kakuri suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Lankasha ta ci moriyar auduga fiye da shekara 150 kafin ta kuɓuce mata, mu ko rabin haka ba mu samu ba. A Burnley sun bar wata masaƙa mai injin tururi, Queen Street, wadda ta daina aiki a 1982, sun mai da ita gidan tarihi, 'yan makaranta suna zuwa suna ganin inda kakanninsu suka kurmance da ƙarar injuna.

Saboda haka ina roƙon dattawan da suka yi aiki a masaƙun Kakuri, musamman waɗanda suka koyi aiki a hannun Turawan Lankasha na farko, su rubuto wa Edita abin da suka gani: yadda aka ɗauke su, nawa ne albashi, wane irin yadi suke fitarwa, da yadda ranar rufewa ta kasance. Wanda ba ya iya rubutu ya sa jikansa ya rubuta masa. In Allah ya kai mu mako mai zuwa za mu haye tuddan Pennines mu shiga Yoksha, mu ga Leeds da Bradford da cinikin ulu.

Wassalam. Ni ne naka,

Akawu.